Injin Mazda, K24 ko V8: wanne ya dace da MX-5 a zafin Gombe?

Ƙanina ya shigo da Mazda MX-5 ƙirar 1999, 'yar Beljiyam, mai kujeru biyu da rufin tamfol, kuma daga Tumfure har Tashan Dukku babu wanda bai leƙa ta ba. Wata huɗu aka yi ana shan iska, sai injin ya fara shan baƙin mai, in ya taka totur hayaƙi shuɗi ya biyo shi. Ya same ni bayan Magariba da wayarsa cike da bidiyo, ya ce, "Yaya, gyara zan yi, ko in cire in dasa wani? Ni fa filin tsere nake son kai ta." Abin da na tattara masa ke nan nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan wasiwasin ba.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi, amma kuɗin aikin gaba ɗaya. Inji shi ne abu mafi araha a dashen inji. Kujerun da zai zauna a kai, farantin da zai haɗa shi da giyabos, kuloci, birenbos, wayoyi, salansa da lagireto, su ne ke cinye aljihu, kuma yawancinsu da dala ake sayo su.

Na biyu juriyar zafi. A watan Maris da Afrilu Gombe kan kai digiri 40, kuma tuƙin fili ba irin na gari ba ne: minti goma sha biyar ko ashirin ƙafarka na kan totur, inji yana kusa da jan layi. Motar da ba ta taɓa tafasa a hanyar Kumo ba tana iya tafasa a zagaye na huɗu.

Na uku, in abu ya lalace ranar Asabar, ina za ka samu ranar Litinin, kuma wane bakanike ne ya san shi? Na huɗu nauyi da abin da ƙarin ƙarfi zai karya. MX-5 ta wannan zubin kimanin kilo 1,050 ce, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Daɗinta a kwana daga nan yake. Na ƙarshe fetur. A gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa, babu zaɓin mai tsada mai jure matsi kamar a Turai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita sai an yi lissafinta.

Gyara injin da ta zo da shi

Injin wannan mota mai lita 1.8 sunansa BP. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, yana ba da ƙarfin doki 140. Bel ke juya taimin ɗinsa, kuma yana da wani kirki: in bel ɗin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, sai dai ka tsaya a hanya a sa sabo. Inji ne mai taurin kai, ba ya saurin mutuwa in ana ba shi baƙin mai na kirki.

A kuɗi babu zaɓin da ya kai shi sauƙi. Ringi, metal, gasket da bel duk ana samu, sai dai ba a kan teburin kowane mai sifiya a Gombe ba. Za ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, wani lokaci ka jira daga waje. Kowane bakanike mai haƙuri zai iya aikin, domin babu abin da za a yanke ko a yi wa walda, birenbos da wayoyi suna nan yadda kamfani ya bar su.

Rauninsa yana wajen ruwa, kuma a nan ya kamata mutumin Gombe ya tsaya da kyau. Asalin injin nan don Mazda 323 aka zana shi, inda yake kwance a gicciye. Da aka juya shi tsaye a MX-5, sai aka mayar da mafitar ruwan zafi gaba, kusa da inda ruwan sanyi ke shiga. Sakamakon haka silinda ta huɗu, wadda ke can baya, ta fi sauran ɗaukar zafi. Masu kai motar fili sukan sauya hanyar ruwan ya fita ta bayan kan injin, su sa lagireto mai kauri, su toshe duk wata kafa da iska ke zillewa ta gefen lagireton. 

Ranar da aka sauke injin ƙanina ina tsaye. Bakaniken ya zaro tamostat, ya juya shi a tafin hannu, ya nufi tarin shara da shi. Na ce, "Oga, ina za ka kai shi?" Ya ce, "Alhaji, wannan ai na ƙasar ƙanƙara ne, nan Gombe ce." Sai da na sa yaronsa ya tafasa ruwa a gwangwani muka jefa shi, ya ga yana buɗewa da kansa, sannan ya yarda a mayar. Cire shi yana sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, birenbos ya yi ta zuba fetur fiye da kima, kuma ba ya warkar da tafasa, ɓoye dalilinta kawai yake yi na ɗan lokaci. Duk injin da ka zaɓa a ƙasa, za ka yi wannan gardamar.

A bar BP, a ƙara masa turbo

Turbo na'ura ce da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Mazda da kanta ta yi haka a 2004 da 2005, ta fitar da Mazdaspeed MX-5 mai ƙarfin doki 178, don haka injin yana ɗauka. Masu harkar a Amurka sun daɗe da sanin cewa wajen doki 250 ne sandunan fistin da giyabos mai giya biyar ke fara kokawa. Ƙasa da haka ana zaman lafiya.

Amma ni ban ba ƙanina wannan shawarar ba. Turbo murhu ne a ƙarƙashin bonet, kuma kwandon sanyaya iskarsa a gaban lagireto yake zama, ya tare masa iska. Ga fetur ɗinmu wanda ba ka da tabbacin ingancinsa daga wannan gidan mai zuwa wancan. In matsi ya yi yawa mai ya kama da wuri, fistin ne ke biya. Dole kuma a samu wanda ya iya saita birenbos mai zaman kansa, irin su Haltech ko Megasquirt, da kwamfuta, kuma irin waɗannan mutanen sai Abuja ko Legas. A gari turbo abin sha'awa ne. A fili, cikin Afrilu, shi ne zaɓin da na fi tsoro.

K24 na Honda

Wannan shi ne ya fi jan hankalin matasa, kuma da dalili. K24 inji ne mai lita 2.4, alminiyam gaba ɗaya, sarƙa ke juya taimin ɗinsa, kuma shi ne a cikin Accord ɗin da muke kira EOD, da CR-V. Babu garejin da ba a taɓa buɗe shi ba daga Jekadafari zuwa Bauchi. Fulogi, koyil, famfon ruwa, sensa, duk a gari za ka saya. A ma'auni na uku babu mai kama ƙafarsa. Nauyinsa kuma bai wuce na BP da wani abin a zo a gani ba, don haka motar ba ta rasa halinta a kwana.

Sai dai akwai abin da bidiyo ba ya faɗa. K24 iri-iri ne. Na EOD ƙirar 2003 zuwa 2005, wato K24A4, doki 160 yake bayarwa. Wanda ake nunawa yana kururuwa a filayen Amurka yawanci K24A2 ne na Acura TSX, mai doki 200 zuwa 205, wanda VTEC ɗinsa, wato tsarin Honda na ƙara buɗe bawul in inji ya ɗau gudu, ke aiki a ɓangaren shigar iska da na fitar hayaƙi duka. Wato in ka sayi mai arahar da ke ko'ina, doki 20 kacal ka ƙara a kan abin da kake da shi. Inda za ka ji bambanci shi ne ƙarfin ja daga ƙasa: a ma'aunin ƙarfin ja, wato Nm, na EOD yana da wajen 218, BP kuwa 161. Injin da aka yi don jan mota mai kilo 1,400 in ya samu mai kilo 1,050 zai fita daga kwana da kuzari ba sai ka sauko giya ba. Kuma a wani gefen ya fi ɗan'uwansa dacewa da mu, domin matsin da fistin ɗinsa ke yi wa iska da mai 9.7 ne kuma don fetur gama-gari aka yi shi, alhali na TSX 10.5 ne, kamfanin kuma mai tsada ya ce a zuba masa.

Wahalar tana wajen dasawa. Injin a gicciye Honda ta kwantar da shi don jan tayoyin gaba. In ka juya shi tsaye, bakin shigar iska yana kallon baya, sai an sauya. Salansa tana komawa ɗaya gefen, akasin inda ta Mazda take. Ya fi BP tsawo, don haka kwanon baƙin mai na ƙasa yana karo da ƙarfen da ke riƙe da sitiyari da tayoyin gaba. Ana buƙatar farantin haɗi da fulaiwil na musamman kafin ya auri giyabos ɗin Mazda. Wani kamfanin Amurka, KPower, wanda a da ake kira KMiata, yana sayar da waɗannan kayan a haɗe, kuma kuɗinsu dubban daloli ne kafin a zo maganar jirgi da kwastan. Kayan haɗin sun ninka kuɗin injin sau da yawa.

Za a ce maka mai walda zai ƙera su a gida. Kujerun inji da salansa, na yarda, muna da masu hannu. Farantin haɗi kuwa ban yarda ba, sai in an yanka shi da injin da ke auna ƙasa da milimita. In tsakiyar karanshaf da ta giyabos suka saɓa ko da kaurin farce ne, za ka yi ta cin kuloci da boris kana zargin mai sifiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abu biyu kuma kada a manta. Birenbos ɗin Honda yana neman makullinsa na asali kafin ya bar injin ya tashi, saboda haka ko dai a sayo shi da makullin da duk wayoyinsa, ko a koma birenbos mai zaman kansa. Sannan kwanon baƙin mai sai an yi masa shinge a ciki. A doguwar kwana mai yana tattaruwa gefe guda, famfo ya zuƙi iska, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa metal ya tafi. A wajen saye, buɗe murfin baƙin mai ka haska tocila. In ka ga baƙin kunu ya daskare a ciki, bar shi komai arahar sa, domin sarƙar taimin ɗin K24 ba ta yafe wa wanda ya yi wasa da juyen mai.

V8 na Lexus

1UZ shi ne injin LS400 tun 1989: lita 4, silinda takwas, gangar jiki ta alminiyam, doki 250 a farkon fitowarsa, ya kai 290 a ƙirar 1998. Wajen ƙarko ba a gardama da shi. A Afirka ta Kudu sun daɗe suna cusa shi cikin Hilux da sauran motoci. Ƙararsa kaɗai tana iya sa mutum ya sayar da fili.

A cikin MX-5 kuwa labari ya sauya. Injin yana da faɗi sosai saboda kawunansa biyu kowanne da kamshaf biyu, sai an sassaƙe jikin motar kafin ya zauna, salansa kuma ta yi ta rigima da sandar sitiyari. Lexus ba ta taɓa sayar da shi da giyar hannu ba, don haka sai ka nemo wani giyabos da wani farantin haɗi. Ƙarfin jansa ya haura Nm 350, fiye da ninki biyu na BP. Giyabos ɗin Mazda ba zai daɗe ba, aksul na baya ma haka, farfela sabuwa, birki manya, shokozoba da sifirin na gaba sai an sauya saboda nauyin da ya ƙaru a hanci. A taƙaice kana gina wata mota ce a cikin ƙwaryar wannan. Ga kik ɗinsa a ƙarƙashin bututun shigar iska yake, tsakiyar injin, ranar da ya mutu sai an kwance saman gaba ɗaya. Birenbos ɗin tsofaffin kuma an san su da yoyon kafasito.

Zafi fa? Hancin MX-5 ƙarami ne, an yi bakinsa don injin da bai kai rabin wannan ba. Sanyaya lita huɗu ta wannan 'yar kafar a Gombe aiki ne na kansa.

Akwai masu kawo maganar LS, wato injin V8 na Chevrolet. Gaskiya ya fi 1UZ tsukewa duk da ya fi shi girman ciki, kuma kamfanin Flyin' Miata a Amurka ya yi shekaru a baya yana wannan dashen da giyabos T56 da aksul ɗin Cadillac. Amma mai alminiyam ɗin ba ya yawo a kasuwanninmu, na Tahoe mai lita 5.3 da za ka fi samu kuma galibi baƙin ƙarfe ne mai nauyi. 2JZ, injin Lexus GS300 mai silinda shida, ban ma tsaya a kansa ba: dogo ne, baƙin ƙarfe, zai rataye a gaban tayoyi ya mayar da motar amalanke.

| Zaɓi | Ƙarfin doki daga kamfani | Kuɗi | Samun kaya | Wahalar aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran BP | 140 | Mafi sauƙi | Kano ko Legas | Kaɗan | Zafin silinda ta huɗu |
| BP da turbo | 178 a Mazdaspeed | Matsakaici zuwa sama | Yawanci daga waje | Matsakaiciya, sai gwanin saiti | Zafi da rashin ingancin fetur |
| K24 | 160 na EOD, 200 zuwa 205 na TSX | Sama, saboda kayan haɗi | Na inji a gari, na haɗi daga waje | Babba | Farantin haɗi mara daidaito, yankewar baƙin mai a kwana |
| 1UZ | 250 zuwa 290 | Mafi tsada | Sai an nema | Mafi girma | Karyewar giyabos da aksul, tafasa, aiki ya tsaya a rabi |

Abin da teburin bai nuna ba

Bayan an haɗa injin ƙanina, mun samu izinin wani fili killatacce a bayan gari, muka jera tsofaffin tayoyi a matsayin kwanoni. Bai yi minti goma ba na ga ya wuce kwana ya shiga ciyawa. Ya fito yana zufa, ya ce, "Yaya, birkin ya nutse har ƙasa." Na taka da ƙafata, laushi kamar burodi. Man birkin da ke ciki tun na Turai ne, ya sha danshi, da zafi ya hau sai ya tafasa. Da doki 140 ke nan. Ka ƙiyasta da 250.

Don haka kafin a zo maganar wane inji, akwai kuɗin da ba makawa. Man birki sabo DOT 4, wanda mafi ƙarancin zafin tafasarsa digiri 230 ne, DOT 3 kuwa 205. Fad masu jure zafi. Tayoyi sababbi, ka duba lambobi huɗun nan na jikinsu da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, domin tayar Beljiyam mai kyan zane tana iya zama ta shekara goma. Ƙarfen kariya a bayan kujeru, wanda aka ɗaure a jikin motar da kyau, tunda rufin tamfol ba ya kare kan kowa, kuma tsayinsa ya wuce hular kwanonka in kana zaune. Gorar kashe gobara a inda hannu zai kai. A lokacin hunturu kuma matatar iska ta takarda ta fi waɗannan buɗaɗɗun masu kyan gani, don ƙurar Gombe ba ta san ado ba.

Sai maganar inda za a tuƙa. Gombe da Bauchi ba su da filin tseren mota. Wanda aka gina don haka yana Evbuobanosa a jihar Edo, tafiyar wajen kilomita 1,000 ta Jos, Abuja da Lokoja. Wannan ma ma'auni ne: motar da za ta yi wannan tafiyar, ta yi kwana biyu tana gudu, ta dawo da ƙafarta, ta fi wadda za ta fi kowa sauri a zagaye uku ta dawo a bayan tirela. Titin Bypass da wasan mota a gaban 'yan biki kuwa ba fili ba ne, akwai 'yan acaɓa da yara.

In ka sauya inji, karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin daga mai sayarwa, ka je ofishin lasisi a gyara takardun motar. In ba haka ba duk shingen da aka buɗe bonet za ka yi dogon bayani.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa shiga fili ba, ko kuɗinsa na albashi ne, ko motar ita ce yake zuwa aiki da ita, ya gyara BP, ya gyara hanyar ruwa, ya zuba sauran kuɗin a birki, taya da man zuwa Edo. Zai shekara biyu bai ƙure abin da doki 140 ke iya yi a mota mai wannan nauyin ba.

Wanda injinsa ya fashe har gangar jiki ta tsage, ko ya riga ya ƙware har ƙarfin ya yi masa kaɗan, kuma yana da dalar sayen kayan haɗi na gaske, K24 ne nasa. In zai dogara da fetur ɗin kowane gidan mai, na EOD. In yana da mai saita masa birenbos kuma zai iya kula da inda yake shan mai, na TSX.

Turbo ya fi dacewa da mazaunin Abuja ko Legas da gwanin saiti ke kusa da shi, wanda gudunsa na ɗan taƙi ne. V8 kuma na wanda yake da wata motar hawa, da gareji nasa, da haƙurin shekara guda ko fiye, kuma abin da yake so hayaƙin taya ne da ƙara fiye da lokacin zagaye. Irin wannan ma da zai ji tawa, da BMW E36 ya nema, wadda aka gina da wurin zaman inji mai silinda shida tun daga kamfani.

Ƙanina dai BP ɗinsa ya gyara. Ya sa lagireto mai kauri, an yi masa ƙarfen kariya a Kaduna, kuma ya buɗe asusu daban yana tara kuɗin K24, wanda zuwa yanzu sau biyu yana fasa shi don sayen taya.